Wayar Malamin Gona

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa karo na biyu, mijina yana aiki a sabis ɗin noma na Damagaram, ni kuma ina gida a unguwar Birni da yara biyu da keken ɗinki. Malamin gona ne, aikin da aka ɗora masa shi ne tattara labarin ruwan sama. A ƙauyukan da ke kewaye da mu, wajen Guna da Gafati da Dogo, an kakkafa wani gwangwani a kan sandar ƙarfe, a cikinsa akwai kwalba mai zane a jiki. In an yi ruwa, wani mutumin garin da aka amince da shi ya duba inda ruwan ya tsaya a kwalbar, ya sanar da mijina, shi kuma ya haɗa ya aika Yamai a faɗa a rediyo. Da can sai ranar kasuwa ake ba direban mota saƙo, labari ya iso bayan ƙasa ta bushe. Sai aka kawo wayar hannu, wadda muke ce wa portabul, aka raba wa masu duba kwalba, aka ba mijina tasa, aka ce kada ya kuskura ya kashe ta.

Ni da bakina na yi masa barka ranar da ya shigo da ita. Har jaka na ɗinka mata da ragowar atamfa, mai igiyar ratayawa a wuya. Na ce masa yanzu ya zama babban mutum, sai mu riƙa neman izini kafin mu gaishe shi. Ya yi dariya, ya ce ai kira ɗaya ne ko biyu da safe, shi ke nan.

Lambar ba ta daɗe ba ta bazu. Masu duba kwalba suka ba ’yan’uwansu, ’yan’uwan suka ba waɗanda suka tafi cirani Kano da Agadas, har da na Libiya. Mutum yana can yana tura baro a wata ƙasa, yana so ya sani ko an yi ruwa a garinsu don ya kamo hanya ya zo shuka. Yawancinsu ba sa iya doguwar magana, sai su buga su katse, shi ya kira su. Kuma ba ya iya ƙin kira, haka Allah ya yi shi. Mutum ne da ko akuyar maƙwabta ta shigo ta ci mini tsaki sai ya fara ba ta haƙuri kafin ya kore ta.

Tun ana tambayarsa ko an yi ruwa, har tambayar ta sauya. Wanda bai zauna da manoma ba ba zai gane nauyinta ba. A shekara irin wannan rumbu ya daɗe da zama fanko, abin da ya rage a gida shi ne iri, ɗan geron da maigida ya zuba a tulu ya liƙe bakinsa da laka, ko yara na kukan yunwa ba a taɓa shi. Sau ɗaya ake fasa lakar nan. In aka shuka ruwa ya biyo baya, an tsira. In aka shuka sama ta ɗauke, an rasa iri, an rasa abin da da an dama wa yara kunu da shi. Da can dattawan gari ke zama su duba ƙasa, su tona da hannu su ga inda laima ta kai, su yanke shawara tare, in ta ɓaci babu wanda za a nuna wa yatsa. Yanzu ga mutum a birni, yana jin labarin ruwan ko’ina, ana kiransa daga Yamai. Sai suka riƙa tambayarsa shi: mu shuka, ko mu dakata?

Da farko yana kaucewa, yana cewa sanin gaibu sai Allah. Amma aka yi wani ruwa mai ƙarfi a farkon damina, har kwatamin unguwarmu ya cika, yara suka fita tsirara suna ihu. Daga Yamai aka ce alamu suna da kyau. A ranar wayar ba ta huta ba, shi ma murna ta ɗebe shi, duk wanda ya kira sai ya ce masa ya shuka da yardar Allah. Ina jin sa daga madafa, muryarsa har rawa take don daɗi.

Ba a sake ɗigon ruwa ba sai da aka yi makonni. Kullum da la’asar hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu jera bokitai da baho a tsakar gida, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da rairayi a cikin bokitan. Duwatsun Birni suka riƙa riƙe zafi har bayan magariba. Ruwan famfo dama ba a maganarsa a garinmu, sai ’yan garuwa, su ma suka fara wuce ƙofarmu ba sa tsayawa.

A cikin masu duba kwalba akwai wani dattijo na wani ƙauye bayan Guna, wanda mijina ya fi so a cikinsu. Ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai na sani, don yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani daga bakin gona. Wata safiya muna karyawa ya kira. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara, ya tambayi uwargida. Sannan na ji ya kira shi Mushe, yadda ake kiran ma’aikaci da Faransanci, ya ce:

“Mushe, wanda muka shuka ya ƙone, iska ta binne sauran. Na ce bari in faɗa maka, kada ka lissafa mu cikin waɗanda shukarsu ta kama.”

Mijina ya buɗe baki zai ba da haƙuri, dattijon ya riga shi.

“Ba komai, Mushe. Kai ma alheri ka so mu da shi.”

Da zaginsa ya yi, da na ji daɗi, don zagi ana iya mayarwa ko a kwana a manta. Mijina ya ajiye kokon kunun bai sake ɗauka ba. Daga ranar ne na fara jin tsoro, kuma ba tsoron yunwa ba, don mu albashi yana shigowa ko da a makare. Tsoron abin da wayar nan za ta yi masa nake ji.

Ya daina ajiye ta. In zai shiga wanka ya sa ta a leda ya ɗora a kan katangar bayan gida, in ta yi ƙara ya fito da kumfa a kunne. A masallaci yana rage mata murya, amma maƙwabcinmu ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa mini, cewa ana sujada ana jin tana gurnani a aljihunsa, kuma yana sallamewa yake fita ko addu’a ba ya tsayawa. In an ɗauke wuta ya hau babur ya tafi tasha wajen masu janareto, ya zauna a kan benci yana gadinta har ta cika. Tuwo ya huce a gabansa, in ɗumama, ya sake hucewa. ’Yarmu ƙarama ta koyi wani wasa, ta ɗauki takalmi ta kara a kunne ta ce a dakata tukuna, kada a shuka. Maƙwabta suna dariya, ni ban ga abin dariya ba.

Na yi faɗa, ban ɓoye ba, ni ba mai haƙuri ba ce. Na ce masa shi ba mala’ikan ruwa ba ne, ma’aikaci ne da aka ce ya tashi aiki da yamma kamar kowa. Na ce in gwamnati tana son mai amsa waya dare da rana, ta ɗauki mutum uku. Ya ce in ya kashe, wani ya kira daga nesa da ɗan abin da ya rage masa bai same shi ba fa? Ya ce mutanen nan ba su da kowa. Na ce mu fa, muna da wani ne bayan shi? Ya dube ni kamar zai amsa, sai ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu alamar in jira.

Sai ya fara ɗaukarta ba ta yi ƙara ba. Muna zaune da rana tsaka, gida shiru, ya zabura ya ciro ta ya ce alo, ya saurara, ya duba fuskarta, ya mayar. Da farko na yi kamar ban gani ba. Da abin ya yawaita na tambaye shi, ya rantse ya ji ta. Jijiyar gefen kansa ta fito raɗau, idonsa ɗaya ya yi ja ya ƙi washewa. Wata rana yana alwala haɓo ya ɓalle masa, jini ya ɓata gaban rigarsa, yana toshe hanci da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan.

A ranar na tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya duba, ya sake aunawa, sannan ya dube ni maimakon shi. Ya ce tansiyo ce, hawan jini, kuma ta kai inda ba a wasa da ita. Ya ba da magani, amma ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya huta, ya yi nesa da abin da ke tayar masa da hankali. Yana cikin faɗa wayar ta yi ƙara a wuyan mijina. Likita ya ce da wannan za a fara.

Na san in na bar shi ba zai nemi hutu ba, don haka washegari na ɗaura zanen fita na tafi biro ɗinsu, wato ofis, da kaina. Na shirya maganganu masu zafi tun daga gida. Amma da aka shigar da ni wajen darektansu, sai na tarar da mutum mai furfura, idonsa ya faɗa, wayoyi biyu a kan tebur, ɗaya tana kuka yana amsa ɗayar. Shi ma daga Yamai ake matsa masa. Da ya saurare ni ya ce:

“Madam, in ya tafi yanzu, wa zai ɗauki wayar?”

Na ce, “In ya faɗi, wa zai ɗauka?”

Sai ya ce ya ba mijina hutu na ɗan lokaci, amma ya tafi da wayar ko da wani abu zai taso. Na yi godiya, ban musa ba, don na riga na san inda za mu. Mahaifiyata tana wani ƙaramin ƙauye can bayan Dogo, a cikin kwari, inda ba a samun rezo, wato layin waya ba ya kaiwa. Na ce wa mijina Inna ta daɗe ba ta ga jikokinta ba, kuma gaskiya ne. Muka ɗauki buhun gero da ɗan mai da magi muka hau mota.

A hanya na ga abin da yake ji a waya kullum. Gonaki fari fat, sai layukan ramukan shuka babu ko tsiro. Shanu suna tsaye ba sa ko kore ƙuda. Wata mata da ’ya’yanta sun durƙusa suna tona gidan tururuwa don su kwashe ɗan hatsin da ta tara. Yana ta kallo ta taga, yana amsa kira, har muka gangara kwarin, maganar ta yanke a tsakiya. Ya ɗaga wayar sama, ya juya ta, ya girgiza. Da muka sauka na miƙa hannu na ce ya kawo in adana masa, tunda ba ta da amfani a nan. Na cire mata batir na sa ta a ƙasan kwallar Inna.

Ƙauyen ya rame. Rabin mazan ba sa nan. Mata suna jiƙa ’ya’yan anza, waɗanda sai an yi kwanaki ana sauya musu ruwa kafin ɗacinsu ya fita a iya ci. Geron da muka kawo Inna ba ta bari ya kwana a ɗaki ɗaya ba, ta rarraba wa gidajen da ke da masu jego. Amma mijina ya yi barci. Ya yi barcin da na manta yana iya yi, har hantsi, baki buɗe. Da ya tashi ya sha fura tsararo ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba. Ya gyara wa Inna dangar da iska ta kayar, ya sassaƙa wa ɗanmu baka. Jan idonsa ya fara washewa. Na ji daɗi a kwanakin nan, daɗi sosai, a tsakiyar garin da ake cin anza, kuma ba zan ce ban ji ba.

Ban san da maganar gawo ba. Ashe a kan tudun da ke yamma da gari akwai wani gawo, in ka tsaya a gindinsa waya tana kamawa. Masu waya a garin, ba su da yawa, sukan rataye ta a reshe da igiya tun safe, su bar wata tsohuwa mai kaɗi a inuwar, in wata ta yi ƙara ta aika a kira mai ita. A masallaci aka faɗa masa. Ya dawo gida yana murmushin da na san ma’anarsa, ya ce in ba shi, dubawa kawai zai yi. Na ce likita bai ce a duba ba. Ya ce haƙƙin mutane ne a wuyansa. Muryoyinmu suka tashi. Inna, wadda tun aurenmu ba ta taɓa yi masa doguwar magana ido da ido ba saboda kunyar suruki, ta yi gyaran murya daga bayan danga, ta ce kamar da ni take:

“Ki ce wa baƙonmu ya bari sai Juma’a. Wanda zai kira yau, zai kira Juma’a.”

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Amma barcin bai sake dawowa kamar da ba. Sai in gan shi tsaye a ƙofar gida yana kallon tudun.

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci na ba shi, na bi shi har gindin gawon. Na shirya jin ta tana kuka babu ƙaƙƙautawa, na ma shirya abin da zan faɗa. Ya sa batir, ya kunna, ya riƙe ta a tafin hannu. Muka tsaya. Tsohuwar tana kaɗinta, wayoyi biyu suna lilo a reshe. Tasa ba ta yi ƙara ba. Ya matsa gaba, ya dawo baya, ya duba, rezo ya cika. Ya ce ko ta lalace ne a cikin kwalla. Tsohuwar ta ce ai nasu ma sun kwana biyu ba su yi motsi ba.

Sai ya fara kiran masu duba kwalba ɗaya bayan ɗaya. Wannan a kashe, wancan a kashe, wani ta yi ta ringin ba a ɗauka. Da ya zo kan lambar dattijon nan na bayan Guna, aka ɗauka. Na ga fuskarsa ta saki, ya fara gaisuwa da ƙarfi. Amma muryar ta saurayi ce, ga hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce shi mai sayar da wayoyi ne a Mirya, wani tsoho ya kawo masa ita ranar kasuwa, da layin da komai. Mijina ya tambayi ina tsohon. Saurayin ya ce bai sani ba, ya dai gan shi da mata da yara da ƙunshin tabarmi suna neman motar kudu. Sannan ya tambayi wa ke magana.

“Malamin gona ne,” in ji mijina.

“Af, kai ne? To Malam, ruwan nan zai zo kuwa?”

Mijina ya sauke wayar daga kunne, saurayin yana ta alo, alo. Gabana ya faɗi, don ban taɓa ganin an tambaye shi ya yi shiru ba.

Muka koma Damagaram kafin hutun ya ƙare, ban hana ba. Na zaci aikin zai sake cinye shi, amma wayar sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. ’Yan cirani sun daina tambaya, sun san ba za su dawo bana ba. Waɗanda ke gida babu sauran abin da za su shuka. Na sami shirun da na yi ta faɗa a kansa, sai ya zama ya fi ƙarar tayar masa da hankali. Yakan ce in ari wayar maƙwabta in kira shi ya ga ko tana aiki. In ta yi ƙara ya ɗauka, ya ji muryata daga bayan katanga, ya ce to, ya kashe.

Wata safiya ya hau babur ya ce zai je ya ga kwalaben da idonsa. Na ce rana ta yi zafi ga mai tansiyo, bai ji ba. Ya dawo da la’asar, fuskarsa duk ƙura. Na kawo masa ruwa, ya zauna a kan tabarma ya ba ni labari a hankali. Ya ce ya je garin dattijon. Gida bayan gida an ja ƙaya an toshe ƙofa, kamar yadda ake yi in za a daɗe ba a dawo ba. Ya sami gwangwanin a tsaye a kan sandarsa, dattijon ya ɗaure bakinsa da tsumma kafin ya tafi don kada rairayi ya shiga kayan gwamnati. Ya ce da ya kira dattijon kafin ya sayar da wayar, da dattijon ya sami wanda zai yi wa sallama. Na ce ba shi ya hana ruwa ba. Ya ce ya sani.

Bayan kwana kaɗan, muna cin abincin rana, mu huɗu a tabarma ɗaya, ya ɗauki kofi zai sha ruwa, kofin ya zame daga hannunsa. Ya dube shi da mamaki. Ya so ya ce wani abu, bakinsa ya karkace gefe guda, maganar ta fito ba a gane ta. Yaran suka fara dariya, sun zaci wasa yake musu. Ni na san ba wasa ba ne, na fita ba mayafi ina kiran maƙwabta.

Ya rayu. Ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba, magana kuma sai wanda ya saba da shi ke gane ta. Daga biro aka aiko aka karɓi wayar aka ba wani. Mutane sun yi ta faɗa mini dalili, wasu suka ce aikin ne, wasu suka ce ranar da ya sha a kan babur, wata ’yar’uwarsa ma ta ce da ban kai shi ƙauye ba da bai ga abin da ya gani ba. Amma da za a sake, zan sake kai shi, don kwanakin nan ne kaɗai ya yi barci a shekarar. Har yau ina jin haushi, ban dai san wanda zan kai wa ba.

Abin da na roƙa a shekarar bai wuce ya zauna ya ci abinci da mu ba tare da an kira shi ba. Tun daga ranar kullum tare muke ci, babu mai kiransa, ni nake ba shi a baki da cokali.